Ƙullin haɗi da hannun baduku: nazarin wani lamari na maganin deksa a Sakkwato

Mutumin da zan ba da labarinsa baduku ne, ɗan shekara 54, haifaffen tsohon garin Sakkwato. Kakansa baduku, ubansa baduku, shi ma tun yana makarantar allo ya iya riƙon basilla. Na sakaya sunansa da na shiyarsu. Baba nake ce masa tun ranar da muka fara haɗuwa, haka zan ci gaba da kiransa a nan.

An kawo shi sashen gaggawa da sanyin safiya cikin watan Agusta, a bayan keke napep, 'ya'yansa maza biyu sun tallafo shi. Ya tashi zai yi alwalar asuba, ya ɗauki buta, sai ya sulale a bakin rariya. Kwana biyu ke nan yana amai da gudawa, ga zazzaɓi. Duk wanda ya yi aikin asibiti a Sakkwato da damina ya san abin da zuciya ke fara raya masa in an ce amai da gudawa, saboda haka muka keɓe shi, muka sa masa ruwa ta jijiya a hannu biyu. Awon jininsa 70 bisa 40, bugun zuciya ya haura 120 a minti ɗaya, tafin hannu da na ƙafa sanyi ƙalau. Sukarin jininsa ya faɗi zuwa milimol 3.1, muka ba shi gulukos. Gwajin maleriya na gaggawa ya nuna akwai, aka yi masa allurar atesunet.

Lita biyu ta ruwan gishiri ta shige jikinsa, awon jini ya ɗan motsa zuwa 78 bisa 45, ya toge nan. Mai kwalara in ka cika masa jijiya da ruwa, kana tsaye a kansa za ka ga ido ya dawo, murya ta fito. Baba bai farfaɗo ba, gudawar ma ba mai kama da ruwan shinkafa ba ce. Ruwa ba ya tsami banza, amma ni a lokacin hankalina na kan lambobi, ban ko kalli mutumin da kyau ba.

Nas ɗin da ke tare da ni ce ta ankarar da ni. Ta zo gyara filastar da ke bayan hannunsa, tana ɗagawa sai fatar ta biyo filastar kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ta ce, “Likita, zo ka ga fatar tsohon nan.” Sai a lokacin na yaye zanen da aka lulluɓe shi da shi. Fuska ta yi zagaye kamar faifai, kumatu sun cika suna sheƙi. A bayan wuya akwai tozo na kitse. Tumbi ya yi gaba, amma damtse da cinya sun tsotse kamar sillen kara. A gefen ciki da saman cinyoyi ga nankarwa masu faɗin yatsa, launinsu ruwan makuba, ba irin fararen nan siraran da ake gani jikin matar da ta haihu ba. Makero ya mamaye hammata da mara. Gaɓoɓin yatsun hannu biyu duk sun kumbura, yatsun sun soma karkata wajen ɗan ƙaramin yatsa.

Na kira babban ɗan, na tambaye shi wane magani Baba ke sha a gida.

Ya ce, “Ba shi shan komi, likita. Can baya dai yana shan wani haɗi na kemis don sanyin hannunshi, amma mun hana mai. Kwana shidda ke nan da niz zubda su masai.”

Ban jira wani gwaji ba. Na sa aka ɗebi jini aka ajiye don awon kotizol, sinadarin da jiki ke fitarwa don riƙe awon jini, nan take muka yi masa allurar haidirokotizon, wato kotizol ɗin da aka sarrafa a matsayin magani, miligiram 100 ta jijiya, muka ci gaba da miligiram 50 duk bayan awa shida. Ba a yi awa biyu ba awon jininsa ya kai 102 bisa 64. Kafin azahar ya buɗe ido ya nemi kunu. Sakamakon gishirin jini ya fito da yamma: sodiyam 124, alhali kamata ya yi ya zauna tsakanin 135 da 145, fotasiyam kuwa daidai. Na kotizol sai bayan kwana biyar ya dawo, don sai da aka aika jinin wani gari, kuma bai kai nanomol 50 ba. Mutum a cikin irin wannan hali na amai da zazzaɓi da faɗuwar jini, jikinsa kan ninka wannan adadi fiye da sau goma.

Yadda aka faro

Labarin ya fito a guntu-guntu cikin kwanaki ukun da suka biyo, wani daga bakinsa, wani daga bakin uwargidansa. Shekara uku da wani abu da suka wuce, da hunturu, ya soma tashi da hannu a sandare. Ba ya iya dunƙule yatsu sai hantsi ya dubi ludayi. Baduku kuwa hannu ne jarinsa: da shi yake shimfiɗa kirgi, ya yanka da aska, ya huda da basilla, ya ja zaren fata har ɗinki ya kwanta. Ya ce akwai ranar da ya kwashe rabin yini a kan kube ɗaya da a da yakan gama kafin shayi ya huce. Sanyi aka ce masa. Wanzami ya yi masa ƙaho, ya sha sassaƙe, ya shafa man da aka kawo masa daga Illela, ya sha rubutu. Sauƙin kwana biyu, ciwo ya dawo.

Wani abokin sana'arsa ne ya kai shi wani kemis a bayan kasuwa. Ƙwayoyi biyar ne a ƙulle cikin 'yar farar leda, babu suna, babu kwali, kuɗinsu bai kai na kwanon tuwo ba. Ƙulli ɗaya da safe, ɗaya da dare. “Likita,” in ji shi, “kwana biyu da nis soma shan shi hannuna yab buɗe awa ba a taɓa ciwo ba.” Na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma wannan ne abin da masu wa'azin illar magani ke yawan tsallakewa. Haɗin ya yi aiki. Da bai yi ba, da babu wanda zai shekara uku yana sayensa.

Ƙaramin ɗan ya koma gida ya lalubo ƙulli ɗaya da ya maƙale a aljihun wata tsohuwar riga. Mai haɗa magungunanmu ya baje su a kan farar takarda: daikulofenak na kashe zafin ciwo ɗaya, farasitamol ɗaya, bitamin ɗaya mai launin ɗorawa, sai wasu 'yan mitsi-mitsin farare guda biyu. Deksametazon ne, magani mai lafar da kumburi wanda a kemis ake kira deksa, kowace ƙwaya rabin miligiram. Ke nan Baba na shan miligiram 2 a yini, da hunturu in ciwo ya tsananta ya ƙara ƙulli na uku ya zama 3.

Lambar ta yi kama da ƙarama, shi ya sa take yaudara. Miligiram 0.75 na deksa daidai yake da miligiram 5 na ɗan'uwansa firednisolon, ko miligiram 20 na haidirokotizon, kuma wannan shi ne kwatankwacin abin da jikin babban mutum ke sarrafa wa kansa a yini. Miligiram 3 na deksa ya ninka haka sau huɗu. Ga shi deksa ba ya sakin jiki da wuri, aikin ƙwaya ɗaya kan wuce awa 36, wato ta jiya ba ta gama ba ta yau ta hau kanta.

Alamomin sun zo ɗaya bayan ɗaya, kowace kuma aka samo mata fassara a gida. Da fuska ta cika, barka aka riƙa yi masa a majalisa, ana cewa Malam ya samu lafiya, kasuwa ta buɗe. Da ya soma yawan ƙishirwa da tashin fitsari sau huɗu a dare, aka ɗora wa zafin Sakkwato, wanda a watan Afrilu ke wuce digiri 40 ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Da tashi daga sujada ya gagara sai ya dafa ƙasa da hannu biyu, daga baya ya koma sallah a zaune, aka ce girma ne. Da basilla ta soke shi a babban yatsa ciwon ya yi wata biyu yana ruwa, aka ce sammu. Da ya daina ganin kafar allura, ya sayi tabarau a bakin titi. Da bayansa ya amsa ranar da ya sunkuya ɗaukar damin fatu, mai ɗori ya ɗaure shi. Uwargida ta ƙara da abin da shi bai faɗa ba: barci ya ƙaurace masa, kuma mutumin da ba a san shi da faɗa ba ya koma abu kaɗan ya hau tsawa.

Babban ɗan, ɗalibi ne, ya ga wani bidiyo a waya kan 'yan matan da ke shan sha-ka-fashe don su yi ƙiba, aka nuna fuskokinsu. Ya dubi fuskar ubansa. Ya je kemis ɗin ya matsa wa yaron shago har ya nuna masa robar da ake ɗebo fararen ƙwayoyin. Ya dawo gida ya tattara duk ƙullin da ke ɗakin, ya zuba a masai, ya koma ya ja wa mai shagon kunne. Kwana biyu na farko shiru. A na uku kasala ta sauko, gaɓoɓi suka ɗau zafi, abinci ya fita ransa. A na huɗu zazzaɓin maleriya ya shigo, amai da gudawa suka biyo.

Abin da ya faru a cikin jiki

A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke zaune kamar hula, ana kiranta adirinal. Ita ke fitar da sinadarin kotizol, wanda ke riƙe awon jini, ya hana sukari faɗuwa in mutum bai ci abinci ba, ya kuma lafar da kumburi. Ba da kanta take aiki ba, umarni take jira daga wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, fituwitari. In jini ya cika da kotizol, ko da abin da ya yi kama da shi irin deksa, sai fituwitari ta daina aike. Adirinal ta zauna ba aiki, a hankali ta shanye.

Ga yadda na kwatanta wa iyalin. Gida ne mai rijiya, sai 'yan ga-ruwa suka shiga kawo masa ruwa kullum har ƙofar ɗaki, shekara uku. Rijiya ta cushe, igiyar guga ta ruɓe. Rana ɗaya aka kori mai ruwan, kuma a makon ne gobara ta tashi. Maleriyar ita ce gobarar. Lafiyayyen jiki in zazzaɓi ya kama shi yakan ninka kotizol ɗin da yake fitarwa, na Baba ko na yau da kullum ya kasa. Abin da ya sa ruwan da muka ɗura masa bai ɗaga jininsa ba ke nan, jijiyoyi ba sa tsukewa yadda ya kamata in babu kotizol. Shi ya sa kuma mutumin da, kamar yadda muka gano daga baya, ya daɗe da ciwon suga, ya zo mana da sukari a ƙasa. Fotasiyam da ya zauna daidai ma shaida ce: ɓangaren adirinal mai kula da gishiri yana karɓar umarninsa ne daga ƙoda, deksa bai kwantar da shi ba.

Ba a buƙatar shekara uku kafin a kai nan. Duk wanda ya sha abin da ya wuce miligiram 5 na firednisolon kullum, ko kwatankwacinsa, fiye da mako uku zuwa huɗu, ana ɗaukarsa a matsayin wanda adirinal ɗinsa ta iya yin barci, kuma ba a yanke masa maganin kai tsaye. Farkawarta kan ɗauki wata shida zuwa shekara, wani lokaci fiye.

Maganar da ta fi yi mini nauyi ita ce ta babban ɗan. Ya same ni a baranda ya ce, “Likita, ashe ni nik kusa kashe Baba?” Na ce masa ganin da ya yi daidai ne, ya gano abin da manya da yawa suka kalla shekara uku ba su gane ba, saura kawai ya zo da ƙullin da mai shansa asibiti maimakon masai. Bidiyon da ya kalla ya faɗi rabin gaskiya, ya ce maganin na kisa, bai ce barinsa farat ɗaya ya fi saurin kisa ba. Na sha jin irin wannan faɗakarwa a rediyo ma, kuma duk lokacin da aka rufe shirin da “a daina sha” ba tare da “a zo a rage a hankali” ba, gabana kan faɗi.

Shi kuwa Baba, da na gaya masa za mu sallame shi da ɗan'uwan maganin da ya kwantar da shi, sai ya yi shiru, can ya ce, “Tau likita, abin da anka ce shi ka kashe ni, shi za ku ƙara ba ni?” Na ce, “Shi ne, Baba. Shi ya tashe ka shekaranjiya ma.”

Dangin wannan magani, kotikositiroyid, ko sitiroyid a taƙaice, tun farkonsu haka suke, fuska biyu. A watan Satumban 1948 wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Philip Hench, ya sa aka yi wa wata mata 'yar shekara 29 allurar kotizon. Amosanin gaɓoɓi ya kwantar da ita, irin ciwon Baba sak. Cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba Hench da Edward Kendall da Tadeus Reichstein kyautar Nobel, amma kafin nan likitoci sun riga sun soma ganin cikar fuska da sauyin hali a jikin waɗanda aka daɗe ana yi wa allurar, siffar da Harvey Cushing ya bayyana tun 1932 a masu cutar da jikinsu ke fitar da kotizol fiye da kima. Firednisolon ya fito a 1955, deksa a ƙarshen shekarun 1950.

Ba na son mai karatu ya tashi da tsoron maganin, don babu makon da ba na rubuta shi. Mai asma da hazon hunturu ya shaƙe, firednisolon na kwana biyar kan hana shi kwanciya asibiti, kuma gajeren sha irin wannan ana tsayar da shi ba sai an bi matakala ba. Matar da naƙuda ta taso mata tsakanin mako 24 da 34, allurar deksa miligiram 6 sau huɗu, awa goma sha biyu tsakani, tana nunar da huhun bakwainin. Yaron da ƙodarsa ke yoyon furotin har ya kumbura, firednisolon ne maganinsa. Mai tarin fuka da ya hau ƙwaƙwalwa, da deksa ake haɗa masa. A watan Yunin 2020 gwajin RECOVERY na Jami'ar Okusfod ya nuna miligiram 6 a yini na kwana goma ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku, na masu shaƙar iskar oksijin da ɗaya cikin biyar, waɗanda numfashinsu bai taɓu ba kuwa bai amfane su da komai ba. Maleriyar da ta hau ƙwaƙwalwa ma an gwada shi a kanta, sai ya ƙara tsawon suma. A duk inda ya yi amfani za ka tarar an san sunan cutar, an san adadi, an san ranar tsayawa. Ƙullin Baba babu ko ɗaya cikin ukun.

Lissafin ɓarna, da ciwon da aka manta

Da ya samu kansa muka bi jikin gaɓa-gaɓa. Gwajin da ke nuna matsakaicin sukari na wata uku ya ba da kashi 8.9, alhali daga 6.5 ake kiran ciwon suga. Yana da ƙarancin jini, kuma da na tambaya ya amsa cewa bayan gidansa kan yi baƙi kamar kwalta lokaci-lokaci: daikulofenak da deksa in suka haɗu a ciki, gyambo da zubar jini ba sa nisa. Hoton baya ya nuna ƙashi biyu na gadon baya sun lotse, abin da mai ɗori ya ɗaure ke nan. Likitan ido ya samu yana a ido biyu, irin wadda ke fitowa ta bayan ƙwayar ido, wadda aka san sitiroyid da haddasawa. Mun ɗauki hoton ƙirji, muka gwada ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau, domin maganin na danne garkuwar jiki, tarin fuka ko ciwon hantar da ke kwance kan iya tashi. Nan Allah ya rufa asiri, duk babu.

Sai ainihin ciwon, wanda shekara uku ba wanda ya kira shi da sunansa. Sandarewar safe fiye da awa ɗaya, kumburin ƙananan gaɓoɓi dama da hagu daidai wa daida, gwajin jini kuma ya tabbatar: amosanin gaɓoɓi ne irin wanda garkuwar jiki ke cin gaɓar mai ita. Deksa ya rufe masa zafi, amma ciwon na nan yana gaigayar ƙashi ta ƙarƙashi. Muka ɗora shi kan metotireksat, sau ɗaya a mako, da folik asid a wata rana daban. Na maimaita “sau ɗaya a mako” har na gaji da jin kaina, don wanda ya saba da safe da dare in ya sha wannan kullum, zai iya rasa ransa. Muka zaɓi Juma'a bayan an sauko masallaci, ranar da ba ta ɓacewa. Na gaya masa kada ya sa ran jin daɗinsa kafin mako shida zuwa goma sha biyu. Aka ƙara metfomin na suga, da omefirazol na gyambon ciki, da kalsiyam da bitamin D, da ƙwayar ƙarfafa ƙashi ta mako-mako. Daikulofenak kuwa aka yi sallama da shi.

Deksa ba ya daɗin ragewa saboda daɗewarsa a jiki, ƙwayar haidirokotizon kuma wahalar samu gare ta a garin nan, saboda haka muka koma firednisolon. Ya fita asibiti a kan miligiram 20, da safe bayan karin kumallo, lokacin da jiki da kansa ya fi fitar da kotizol. Muka riƙa zaftare kaɗan duk mako biyu har 10, sannan muka rage gudu zuwa 5. Daga 5 zuwa ƙasa ne aikin yake, nan ake lallashin adirinal ta farka, kuma ƙwaya mai miligiram 1 ba kasafai ake samunta ba. Da na soma kame-kamen yadda za a raba ta miligiram 5, Baba ya yi dariya, ya ciro askar aikinsa daga aljihu, ya ɗora ƙwayar a kan bayan fayil ɗinsa ya raba ta huɗu, ko gari bai zuba ba.

Na rubuta masa takarda da Hausa da Turanci: wannan mutum yana shan firednisolon, kada a tsayar masa, in zazzaɓi ya kama shi ya sha miligiram 10 a yini har ya warke, in yana amai ƙwaya ba ta zama, ko ya suma, a yi masa allurar haidirokotizon miligiram 100 nan take. Zuwansa na gaba ya nuna mini ya ɗinke ta ruf cikin jar fata kamar laya, ya rataya a wuya. Aiki ya yi kyau, sai dai babu mai iya karantawa in ba an farke ba. Ya koma ya yi mata marfi da maɓalli.

Da azumi ya matso muka yi doguwar magana. Wata bakwai kacal da faɗuwarsa, ga suga, ga zafin bazara, ga adirinal da ba ta farka ba. Na ce ban ga ya ɗauka bana ba. Bai ji daɗi ba, ya ce tun balagarsa bai taɓa shan azumi ba. Na ce ya kai wa malaminsa bayanin yadda na faɗa masa, kada ya rage komai. Malamin ya karanta masa ayar da ta yi wa mara lafiya rangwame, ya ce ya jira sauƙi ya rama.

Tsugune ba ta ƙare ba. A wata na tara, yana kan miligiram 5, sai na ga sukari ya sake hawa, kumatu sun ɗan tasa. Na tambaya ya musa, na yi shiru ina rubutu, can ya ce an kawo masa aikin kayan doki na hawan sallah, metotireksat ya yanke masa mako uku don kuɗi sun yi kaɗan, hannu ya sandare, ya koma wani kemis ɗin daban ya sayi ƙulli na kwana goma sha biyu. Na ji haushi, amma da na auna sai na rasa inda zan sauke shi. Doka a fili take: lasisin da hukumar PCN mai kula da harkar sayar da magunguna ke ba masu kemis na magungunan da ake sayarwa ba da takardar likita ba ne, deksa kuwa ba ya cikinsu. Mai shagon ya yi laifi, laifin da ya fi girma ma shi ne ɓoye sunan abin da yake ƙullawa. Amma shagon na nan taku hamsin daga rumfar Baba, yana buɗe har goma na dare, yana ba da bashi. Mu kuwa sai ya rufe rumfa yini guda, ya biya mota, ya bi layin kati, ya biya gwajin hanta da na jini duk bayan 'yan watanni, sannan ya sayi maganin da ba ya jin aikinsa sai bayan wata biyu. Muka koma miligiram 10, muka sake saukowa. Babban ɗan ya ɗauki nauyin sayen metotireksat na wata uku-uku a dunƙule.

Tun daga kan Baba na canza yadda nake tambaya. “Kana shan magani?” ba ta kamo komai, don a wurin mutane da yawa magani shi ne wanda likita ya rubuta. Yanzu sai in ce: akwai haɗi, ko ƙulli, ko na ƙiba, ko allurar mura da ake yi sau ɗaya ta yi wata, ko man gyaran fata, ko ɗigon ido? Man bilicin mai kulobetasol, wani sitiroyid mai ƙarfi, in ana shafe jiki da shi kullum yana ratsa fata ya kwantar da adirinal kamar ƙwaya. Ɗigon ido mai sitiroyid da ake saya wa yara masu ƙaiƙayin ido yana iya ɗaga matsin ido har gani ya tafi ba dawowa. Abin shaƙa na masu asma kuwa, duk da akwai sitiroyid a cikinsa, adadin ƙanƙane ne kuma huhu yake nufa, ban yarda kowa ya ajiye shi saboda labarin Baba ba.

Yanzu wata goma sha huɗu ke nan. Yana kan miligiram 2.5. Mun sa ya tsallake ƙwayar awa 24, aka ɗebi jini da ƙarfe takwas na safe, kotizol ya nuna nanomol 210. Ƙasa da 150 barci ne, sama da 300 farkawa ce, shi yana tsakani, don haka zai ci gaba da sha, layarsa na wuya. Fuska ta saɓe, tozon ya ragu, nankarwar ta koɗe amma tana nan. An cire yanar idon dama, ta hagu sai bayan kaka. Ya koma sallah a tsaye, ko da yake bayan kan yi masa ciwo in limami ya ja sura. Yatsun da suka karkata ba za su miƙe ba, saboda haka shi ke zana fata ya yanka, yaransa biyu na ɗinki. Na rubuta masa ya dawo bayan wata uku a sake awon, ya duba ranar ya ce ta faɗa ranar kasuwar Acida, in mayar masa ita Litinin.